Martani: Zafin Tushen Gashi Ba Alamar Tsiro Ba Ne

Na karanta rubutun da wata 'yar'uwa ta yi a shafin mata na wata jarida kan ciwon fatar kai da zogin tushen gashi. Da magana ce ta ado kawai, da na bar ta ta wuce, kowace mace da irin kitson da take so. To amma rubutun ya shiga gonar lafiya, ya kuma faɗa wa mata abin da da yawansu dama suke son ji. Wai zogin da ake ji bayan kitso alama ce ta gashi yana tsiro, wai kitson da bai kama ba ba ya jawo tsawo, sauran ciwon fatar kai kuwa duk bushewa ce, maganinta mai. Ta kafa hujja da cewa kakanninmu sun yi kitso shekara da shekaru ba su san likitan fata ba, ga su da gashi har gadon baya. Malama, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban yarda da waɗannan maganganu ba, kuma ina tsoron abin da za su jawo a kan 'ya'yan mutane.

Silin gashin da muke gani a waje ba shi da rai, shi ya sa almakashi ke yanka shi ba a ce wayyo ba. Rai yana can cikin fata, a ɗan ramin da kowane sili ke fitowa daga cikinsa, kuma kowane rami kewaye yake da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ƙwaƙwalwa. Kan mutum yana ɗauke da irin waɗannan ramuka kimanin 100,000. Gashi yana tsiro a hankali, kusan santimita ɗaya a wata, namu na baƙar fata ma bai cika kai hakan ba, kuma shiru yake tsironsa. Jariri yana fitar da gashi, namijin da aka yi wa aski ƙwal-kwabo nasa yana dawowa cikin mako, babu wanda ya taɓa kwana yana juyi saboda tsiro. Idan jijiyoyin nan suka koka, to wani abu ne ya taɓa su: ko an ja su, ko an ƙona wurin, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko su kansu ne ba su da lafiya.

Na san inda maganar ja da tsawo ta samo asali. Mace ta yi kitso ta bar shi mako huɗu ko shida, ta zo tsifa ta ga sabon gashi ya taso a gindinsa, sai ta ce ai kamun mai kitso ne. Wannan gashin zai fito ko an yi kitso ko ba a yi ba. Abin da kitso ya yi shi ne ya hana a riƙa taje shi kullum yana karyewa. Wannan amfani ne na gaske, amma sassauƙan kitso ma yana ba da shi. Manomin da ya bi gonarsa yana jan kan gero don ya yi saurin tsawo, saiwa zai tsinke.

Duk wadda ta taɓa zama a gaban mai kitso mai nauyin hannu ta san abin da ke biyo baya. Goshi ya ɗame yana ƙyalli, gira ta ɗage, fatar da ke tsakanin tsaga ta tattaro ta ɗago. Daren farko ba a san ta inda za a aza kai a matashi ba. Sujada sai an lallaɓa, dariya ma tana ja har ƙeya. Kwana biyu ko uku sai ƙananan ƙuraje su jeru a gefen goshi da bayan kunne, wasu da farin baki. Malama ta kira wannan kitso yana zama. Likitan fata kuwa kumburi yake gani a bakin kowane rami, kuma shi ne matakin farko na sanƙon da ja ke kawowa. Idan aka sassauta a nan, fata tana hucewa, gashin da ya tsinke ya dawo cikin 'yan watanni. Idan kuwa aka ci gaba, wannan kitso ya sauka wancan ya hau, shekara da shekaru, ramin yana ƙanƙancewa, silin da yake fitarwa yana sirancewa, har ranar da zai toshe tabo ya maye gurbinsa. Daga nan an gama. Babu man shanu, babu habbatus-sauda, babu maganin asibiti da ke tsirar da gashi a kan tabo. Sai dai dashen gashi, aikin tiyatar da ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu.

Ba sai an je asibiti za a ga wannan ba. A shiga ɗakin amarya ranar kamu ko yinin biki, lokacin da mata suka sauke mayafi suna gyara ɗauri. Za a ga 'yan shekara talatin da arba'in da goshinsu ya ja baya da faɗin yatsa biyu ko uku, gefen kunne ya yi fayau, sai ɗan siririn layin gajerun gashi a bakin goshi, waɗanda hannun mai kitso bai iya kamawa ba shi ya sa suka tsira. A tambaye su, wata ta ce gado ne, wata ta ce haihuwa ce ta cinye mata. Zubar gashi bayan haihuwa gaskiya ce, takan zo wata biyu zuwa huɗu bayan sauka, amma gashin yana dawowa kafin a yaye yaro. Wanda ya tafi daga gaba da gefe, shekara biyar shiru, a nemi dalilinsa a wani wurin.

Kada a ce ina zargin al'adarmu, wannan ciwo bai san ƙabila ba. Karon farko da aka rubuta shi a littattafan likitanci, a 1907, a kan matan tsibirin Girinlan ne, can ƙasar ƙanƙara, masu tattara gashinsu su ɗaure tamau. An gan shi a wurin mazan Sikh na Indiya da ke murɗe gashi su ƙulle a ƙarƙashin rawani, an gan shi a wurin nas-nas da ke maƙale hular aiki da fil a wuri ɗaya kullum. A nahiyarmu kuwa, binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Farfesa Nonhlanhla Khumalo, likitar fata a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, da abokan aikinta, wanda aka buga a 2007 da 2008. Sun duba kawunan mutane a unguwar Langa, suka samu wannan sanƙo a kan kashi 31.7 cikin ɗari na manyan mata, kusan ɗaya cikin uku ke nan, da kashi 17.1 na 'yan mata 'yan makaranta. Sun gano cewa haɗarin ya fi yawa inda aka ɗora kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Sun kuma gano cewa matan da ke jin zafi ko suke fitar da ƙuraje idan an yi musu gyaran kai sun fi sauran samun sanƙon. Zafin nan da Malama ke ce wa mata su yi murna da shi, shi ne yake nuna wadda gashinta ya kama hanyar tafiya.

Hujjar kakanni ita ce ta fi daɗin faɗi, ita ce kuma ta fi rauni. Wa ya buɗe kallabin tsofaffin gari ya ƙirga? Muna tuna Iya mai gashi har baya saboda ita ake nunawa. 'Yar'uwarta da gefen kanta ya share tun tana goyo, kallabinta ba ya sauka, kuma babu mai ce mata sauke mu gani. Ban da haka, kan da suka kai wa mai kitso ba shi ne kan da muke kaiwa yau ba. Nasu gashi ne da bai taɓa ganin sinadari ba, a yi shuku ko doka ko zane, a shafa man shanu, in ya tsufa a tsefe a wanke da karkashi. Mu kuwa mun ƙaro abubuwan da ba su sani ba: rilaksa, injin busar da kai, gashin doki, zaren ulu, da ƙananan kitson nan da ake yini ana yi a bar su wata biyu. A ɗauki ɗan tsagi siriri a rataya masa gashin doki mai kaiwa ƙugu, ya yi ta lilo dare da rana, in ya jiƙe nauyinsa ya ƙaru. Hukuncin ƙarin gashi a addini malamai sun yi bayaninsa, hadisansa suna cikin Buhari da Muslim. Ni maganar nauyi nake yi, kuma ulu da zare ma nauyi gare su. Sannan a tattara duka a tamke da ribom a tsakar ka, a sa hula mai roba, a ɗora ɗauri mai matse goshi. Hijabi ba shi da laifi, shi sakakke ne. Abin da aka ƙulle a ƙarƙashinsa tun safe har dare shi ne abin dubawa.

Rilaksa kuwa Malama ko ambatonsa ba ta yi ba, alhali mata da yawa ba su san abin da ke cikin robar nan ba. Nau'in da ya fi ƙarfi, sinadarinsa shi ne sodar da ake haɗa sabulu da ita, wadda masu sana'ar ke sa safar hannu kafin su taɓa. Wanda aka rubuta wa babu soda, har da na yara mai hoton yarinya tana murmushi a kwali, ɗan'uwanta aka sa a ciki, shi ma yana ƙuna. Aikinsa shi ne ya karya abin da ke riƙe da murɗin gashi, shi ya sa gashin ke miƙewa, shi ya sa kuma yake raunana. A shagunan gyaran kai an maida ƙuna ma'auni, sai a ce a daure, ai bai kama ba sai ya fara zafi. Lokacin da ya fara zafi ya riga ya fara cin fata. Washegari a tashi gashi ya manne da ruwan ciwo, ɓawo ya biyo baya. Wata ma a ranar za ta zauna a yi mata kitson biki a kan wannan ɗanyen ciwo da gashin da aka gama raunatawa. Wadda ba za ta iya barinsa ba, aƙalla kada ta maimaita kafin wata biyu, a sa shi a sabon tsiro kaɗai, a shafe fata da basilin tukuna, a wanke da zarar an ji raɗaɗi, a kuma bar kai ya huta mako biyu kafin a kama shi da kitso. Baƙin rini ma yana da tasa matsalar. Akwai wani sinadari a cikinsa da ake taƙaita sunansa da PPD, shi ake zuba wa baƙin lalle, kuma jikin wasu ba ya karɓarsa. Ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku kai ya ɗau ƙaiƙayi da zafi, wani lokaci har fuska da idanu su kumbura.

Yanzu ga mai, wanda shi ne ƙashin bayan rubutun nata. Ba na gaba da mai. Gashinmu murɗaɗɗe ne, maiƙon da fata ke fitarwa ba ya gangarawa har ƙarshen sili, ga hunturu yana busar da komai. Man kaɗanya ko na kwakwa a jikin gashi yana tausasa shi yana rage karyewa, wannan na yarda. Inda muka rabu shi ne cewa duk kan da ke ƙaiƙayi ko zogi bushewa ce. Amosanin da mata ke gani fari-fari su ce kai ya bushe su ƙara mai, yawanci ba bushewa ba ne. Wata ƙwayar halitta ce dangin funfuna, mai suna Malassezia, da ke zaune a fatar kowa, abincinta kuwa maiƙo. Idan ta yi yawa fata takan harzuƙa, ta riƙa saɓa, tushen gashi ya riƙa zogi ko kaɗan aka taɓa shi. A zo a lafta man shanu ko na zaitun a kai, a yi wata guda ba a wanke ba don kada kitso ya tsufa, ga gumin bazara, ga laimar wanka da ba ta bushe ba aka mayar da ɗankwali. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da irin wannan kai yake nema shi ne wanki, sau ɗaya a mako, in ya yi nisa mako biyu, ko da kitso a kai, da shamfu mai ketoconazole ko selenium sulfide wanda ake bari kamar minti biyar kafin a ɗauraye, sannan a bar kai ya bushe sarai kafin a rufe shi. Man zafin da Malama ta ce a murza a tsaga kuwa hankali kawai yake ɗaukewa na ɗan lokaci, kitson yana nan yana ja, in akwai ƙurji ko ƙuna ma sai ya ƙara fusata wurin. Wadda ke matsa man kemis mai sitiroyid a cikin man kitsonta za ta ji ƙaiƙayi ya kwanta cikin kwana biyu, amma in ta daɗe fata za ta sirance, in kuma makero ne, to ta buɗe masa hanya.

Makero kam ya isa a tsaya a kansa, domin yana cikin cututtukan da suka fi addabar kawunan yaranmu, a gida da makarantar allo da ta boko. Kowa ya san farar da'irar nan da gashi ya kakkarye a cikinta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙwayar tana shiga cikin silin gashi har ƙasan rami, inda abin shafawa ba ya isa. Shi ya sa uwa za ta shafa toka, ta shafa baƙin man inji, ta shafa na kemis, ya lafa ya dawo. Maganinsa na sha ne, griseofulvin na mako shida zuwa takwas ko terbinafine na kimanin mako huɗu, gwargwadon nauyin yaro da irin ƙwayar, kuma ma'aikacin lafiya ne zai auna. Wani lokaci jiki yana yaƙar ƙwayar da ƙarfi har wurin ya kumbura ya yi luɓu-luɓu, yana fitar da ruwa, kaluluwa ta fito a wuya, yaro ba ya bari a taɓa. Mutane sukan ɗauka maruru ne su kai wa wanzami ya tsaga. Ba maruru ba ne, tsagawar ba ta ƙara komai sai tabo, kuma in aka yi jinkirin magani yaron zai iya girma da fili a kansa inda gashi ba zai sake fitowa ba. Makero yana bin mataji, da kibiyar tsifa, da hula, da matashi, da askar wanzami, da injin aski. Mai kitson da ta yi wa yara goma da mataji ɗaya ranar jajiberin Sallah, ba da nufi ba ta raba musu abin da ɗayarsu ta zo da shi. Kowace yarinya ta je da matajinta, wannan ba girman kai ba ne. Samari ma su kula da ƙurajen ƙeyar nan masu tauri da ke biyo bayan askin da ke kankarar fata. In an bar su sukan haɗe su zama tudun tabo, kuma farkon maganinsu shi ne a riƙa barin ɗan gashi a wurin.

Inda maganar bushewa ta fi zama haɗari shi ne wurin 'yan tsirarun da zafin fatar kansu saƙo ne daga wata babbar cuta. Akwai wani nau'in sanƙo da ya fi kama mata baƙar fata, yana farawa daga tsakar ka ya riƙa faɗaɗa a hankali, sau da yawa da zogi ko ƙaiƙayi tun kafin a lura gashi ya ragu. Shi ma tabo yake bari, abin da magani ke iyawa shi ne tsayar da shi, don haka duk watan da aka ɓata ana gwada mai hasara ce. Akwai mai ciwon ɓarin kai, wadda in ya taso mata ko taje kai ba ta iyawa, alhali fatarta lafiya ƙalau, ciwon kan ne ke son magani. Akwai ƙwayar ƙarambau da ke kwanciya a jijiya shekaru bayan an warke, ta farka a tsufa ko lokacin da garkuwar jiki ta yi rauni. Ɓari ɗaya na kai ko goshi ya ɗau raɗaɗi mai tsanani, bayan 'yan kwanaki ƙuraje masu ruwa su fito a wannan ɓarin kaɗai. Maganinta ya fi aiki in an fara cikin kwana uku da fitowar ƙurajen, in kuwa ta nufi ido to ba a kwana da ita a gida.

Akwai kuma wani ciwo da ya fi yawa a mutanen arewacin Turai, bai cika kama mu ba, amma ina so duk 'yar da ke kula da tsohuwa ta san shi. Mutumin da ya haura shekara 50 ya wayi gari da sabon ciwon kai a gefen goshi wajen kunne, fatar wurin tana zafi in an taɓa ko an taje, muƙamuƙi yana ciwo in yana tauna, ko gani ya riƙa dusashewa yana dawowa. Wannan kumburin jijiyar jini ne, yana iya makantar da ido cikin kwanaki, makantar da ba ta warkewa, kuma magani yana hana hakan in an fara da wuri. Ki duba, Malama, a ce Hajiya ta yi wannan kuka, 'yarta ta tuna rubutunki, ta ɗauko man shanu ta zauna tana murza mata.

Na san abin da za a ce mini, domin ni ma mace ce, na san lissafin. An biya kuɗin kitso, an ɓata yini, biki gobe, yanzu a ce a tsefe? Mai kitso kuma ba mugunta take yi ba. Mu ne muke yaba wadda hannunta ke kamawa, mu ne muke cewa na wance bai yi mako biyu ba ya tashi, har ta koyi cewa abincinta yana cikin matsewa. To mu ɗin ne za mu sauya mata. Tun tana layin farko ake magana: Anti, don Allah sassauta mini gaban nan, bar ƙananan na bakin goshi kada ki kama su. Kafin a tashi daga tabarma a ɗaga gira, a juya wuya hagu da dama, a sunkuya, duk layin da ya ja a warware shi nan take. In an koma gida zogi ya hana barci ko ƙuraje suka fito, a tsefe, ko da layukan gaba da na ƙeya ne kawai. Ciwon kan da ja ke kawowa yana da alama mai sauƙi, wadda ke rubuce a kundin rabe-raben ciwon kai da likitocin duniya ke aiki da shi: in aka saki abin da ke ja, yakan lafa cikin awa guda. Zafin da bai tafi ba bayan an saki kai an wanke an huta mako ɗaya ko biyu, ko wanda ya zo da ruwa, ko kumburi, ko zazzaɓi, ko fili, na asibiti ne. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin fata, makero da amosani kuwa ko a ƙaramin asibiti ana maganinsu. A riƙa sauya inda ake tsaga da inda kitso ke fuskanta, kada ya wuce mako shida a kai, a huta 'yan kwanaki tsakanin tsifa da sabo, a kwance ribom in an shigo gida.

Akwai shawara ɗaya a tsakiyar rubutun da ta fi duk sauran tsaya mini a rai. Malama ta ce iyaye su ba yarinya farasitamol kafin a fara mata kitso, don kada ta dami mai kitso da kuka. Yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar ba ta da bakin cewa Anti sassauta. An danne ta tsakanin gwiwoyi, in ta motsa a ƙwala mata mataji a ka, in ta yi kuka a ce raki gare ta. Kukan nan shi kaɗai ya rage mata, shi ne kuma abin da ke gaya wa mai kitso cewa hannunta ya yi yawa. In aka dusashe shi da magani, hannu zai ƙara matsewa babu wanda ya sani, tushen gashin kuwa yana shan abin da yake sha, domin maganin bai rage ja ko kaɗan ba. Farasitamol kuma da nauyin yaro ake auna shi, yawansa yana lalata hanta. Yarinyar da makaranta ke sa ta sabon kitso kowane mako, sau nawa za a ba ta a shekara? A binciken Langa ɗin nan, sanƙon yana hawa ne tare da shekarun makaranta, daga kashi 8.6 a 'yan ajin farko zuwa kashi 21.7 a 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Tun daga firamare ake tara shi. Sai ta kai munzalin aure a fara yawo da ita wurin masu gyaran jiki ana neman man da zai cike mata gaban goshi, kuma uwar da ta riƙe ta ana kitson ita ce ke biyan kuɗin man.

Ina roƙon Malama ta dawo shafin da ta yi wannan magana ta janye ta a fili, ta ambaci maganin da sunansa, yadda uwar da ta karanta na farko za ta ga na biyu. Ta gaya musu ƙaramar yarinya manyan kitso sassauƙa ya ishe ta, babu ƙari, babu rilaksa, babu duwatsun ado masu nauyi, kuma in ta ce akwai zafi a tsaya a warware layin.